Wasiƙa daga Jojiya: sai da aka tambaye ni masai kafin ɗaki

Yaya, assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, da Inna da yara baki ɗaya. Ka tambaye ni me ya sa sai da na yi wata uku da sayen fili kafin na haƙa harsashi. Maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuto.

Filin yana ƙauye, tafiyar awa ɗaya da rabi daga Atlanta, babban birnin jihar Jojiya a nan Amurka. Jihar Jojiya tana da kawunti 159, kamar ƙananan hukumomi ke nan a wurinmu, kuma in filinka yana bayan gari, ofishin kawunti ne mai ba da izinin gini. Na san a birnin Kano sai an bi ta KNUPDA, hukumar tsara birane, amma a ƙauyenmu mai unguwa ne zai shaida, maƙwabta su nuna iyaka, a kira magini. Na zaci nan ma haka abin yake tunda daji ne.

Ranar da na kai zanen gida, matar da ke ofishin ko buɗe shi ba ta yi ba. Ta ce in fara zuwa sashen lafiya in samo izinin masai. A ƙauyukansu babu babban bututun da ke kwashe ƙazantar gari, kowane gida da nasa tankin a binne, ruwan da ya fita daga ciki kuma bututu ne ke rarraba shi a ƙarƙashin ƙasa ya tsotse. Don haka sai da na ɗauko masanin ƙasa mai lasisi. Ya zo da wani dogon ƙarfe mai murɗawa, ya huda wuri wajen shida, yana ciro ƙasa yana murtsuka ta a tafin hannu yana duba launinta. Jar ƙasa ce mai yumɓu, sak irin tamu. Inda ya ga ta koma ruwan toka sai ya girgiza kai, ya ce nan ruwa na kwanciya, ba za a sa bututu ba. Ya kafa 'yan tutoci a inda ya amince, kuma wurin shi ne daidai inda na so in aza falo. Dole na matsar da gidan.

Girman abin da za a binne ya danganta da yawan ɗakunan kwana, mafi ƙanƙantar tanki galan 1,000 ne. Rijiyar burtsatse kuwa sai ta nisanci tankin da ƙafa 50, ta nisanci filin bututun da ƙafa 100. Ka ƙiyasta, tsawon fuloti guda ke nan a wurinmu. Da ma'aunin a hannunsu suke zuwa, ba da ido suke kintata ba.

Sauran takardun ba su ba ni wahala ba. An ba filin lambar adireshi saboda motar asibiti da 'yan kwana-kwana su gane wurin in an kira 911, na karɓi izinin buɗe hanyar shiga da sa kwalbati, na sa hannu cewa gidan na zamana ne ba na sayarwa ba, tunda ni zan kula da aikin da kaina. Kafin a soka shebur kuma sai ka kira 811, su zo su yi wa wayoyi da bututun da ke binne alama da fenti, kyauta.

Ginin kansa zai ba ka mamaki. Babu bulo mai inci tara ko shida, katako ne ake jerawa tazarar inci 16, kowane da hatimin ingancinsa a jiki. Kafinta ne sarkin aiki a nan. Kankare a mota yake zuwa a kwaɓe, babu mai rage maka siminti a bayan idonka. Gara ma suna da ita kamar mu, sai an yi maganinta an nuna shaida. Amma ni dai har yanzu in na ƙwanƙwasa bango na ji shi fayau, raina ya fi kwanciya da bulo.

Mai duba gini yana zuwa a kowane mataki: harsashi kafin a zuba kankare, katako da waya da famfo kafin a rufe bango, sannan dubawar ƙarshe. Sau ɗaya ya mayar da ni baya, don ruwan sama ya tara laka a ramin harsashi. Na kwashe, ya dawo ya sa hannu, ko ruwan sha bai karɓa ba. Sai an gama duka ake ba ka takardar shiga gida. Sunanta ɗaya da C of O ɗinmu, sai dai tamu ta mallakar fili ce, tasu kuwa shaida ce cewa gidan ya isa mutum ya kwana ciki.

Wuri ɗaya ne na ga tsarinmu ya fi tausayin talaka. A gida mutum ya sayi bulo ɗari bana, ya kai linta baɗi, ya yi rufi in Allah ya hore. Nan in aiki ya tsaya kwana 180 izinin ya mutu, sai ka sake nema. Shi ya sa kusan kowa bashin banki yake ci mai ruwa, ni kuwa da nake gudunsa sai da na tara kuɗin kafin in fara.

Yaya, tun ranar da na ga ana jan ma'aunin nan hankalina yake kan rijiyar gidanmu. In ban manta ba, tsakaninta da shaddar bayan ɗakin Inna bai fi taku goma ba, kuma ka tuna daminar da amai da gudawa ya kwantar da yara uku a gidan. Don Allah ka auna da kanka ka faɗa mini. Ka tambayi mai haƙa nawa zai karɓa a yi sabuwar shadda can ƙarshen fili wajen turken awaki, a cike tsohuwar. Zan turo kuɗin kafin ruwa ya sauka, in sha Allahu. Kafin nan a riƙa tafasa na sha.

A gaida Inna da kyau, ka ce ina neman addu'arta.