Robar ƙofa da ta tagar iska: yadda na same su a Ingila

Yaya, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ga amsar tambayarka kan tsohuwar Land Rover ɗin da na saya, da yadda ake samun kayan gyaranta a nan Ingila. Na jinkirta ne har na gama aiki guda da hannuna, don gani ya kori ji.

Motar Series III ce, cikin waɗanda aka ƙera a Solihul tsakanin 1971 da 1985. Injinta lafiya lau, abin da ya hana ni sukuni ruwa ne. Ruwan ƙasar nan bai cika zuba kamar da bakin ƙwarya ya ɗauke ba, yayyafi ne mai wuni ya kwana. Kullum da safe in na ɗaga shimfiɗar da ke ƙarƙashin ƙafar direba sai in tarar da ruwa kwance. Da na bi sawunsa, ashe ta tagogin iskar nan biyu da ke ƙasan gilashin gaba yake shigowa, waɗanda ake turawa da hannu daga ciki. Robar da ke kewaye da su ta bushe ta tsattsage, ina danna ta da farce tana marmashewa kamar busasshen ganye. Ta ƙofa kuwa ta lanƙwashe, har ina hango hasken waje ta gefenta.

A gida rana ce ke cinye roba, kuma in ta mutu ƙura ce ke shigowa, a kakkaɓe a ci gaba da tafiya. A nan lamarin ya fi haka tsanani. Jikin motar alminiyam ne, ba ya tsatsa, amma bangon da ya raba inji da mazaunin direba baƙin ƙarfe ne, haka ma ƙashin ƙofofin. Ga shi lokacin sanyi ana watsa gishiri a tituna saboda ƙanƙara. Ruwa da gishiri in suka kwanta a kan ƙarfen nan, a hankali za su huda shi, kuma gyaransa na cikin mafi tsadar aiki a motar. Wato wannan 'yar siririyar roba ce ke tsaron abin da ya fi ta daraja nesa ba kusa ba.

Samun kaya shi ne ya fara ba ni mamaki. Kowane guntun roba yana da lambarsa. Za ka shiga intanet ka rubuta lambar, a nuna maka shi, cikin 'yan kwanaki ya iso ƙofar gidanka, alhali motar ta haura shekara 40. An daina ƙera tsohuwar Defender, wato Land Rover ɗin da ta gaji Series, a Janairun 2016, tagogin iskar ma an cire su tun 2007, amma kasuwar kayansu ba ta mutu ba. A ganina har da taimakon doka: motar da ta wuce shekara 40, in ba a sauya mata fasali sosai ba, ana iya ɗauke mata gwajin shekara-shekara da suke kira MOT, haka ma harajin mota. Shi ya sa mutane ke riƙe tsofaffin motocinsu, masu sayar da kaya kuma suna samun ciniki.

Sai dai, Yaya, ka cire wa ranka cewa duk abin da ya fito daga Ingila nagari ne. Kayan iri uku ne: akwai mai tambarin kamfanin motar, akwai na masana'antar da ke yi wa kamfanin aiki amma babu tambari, sai kuma kwaikwayon wasu kamfanoni. Na fara da mai araha. A ido ba ka raba ta da ta asali, amma a hannu taurin tsiya gare ta. Na gwada ta ba tare da gam ba, murfin tagar ya ƙi rufuwa, na ja hannun har na ji yana neman lanƙwashewa. Araha ba ta ado. Abin da ya cece ni, dokarsu ta ba wanda ya yi sayayya ta intanet kwana 14 ya fasa ciniki, don haka na mayar, kuɗina suka dawo ba tare da ce-ce-ku-ce ba. Wani dattijo a ƙungiyar masu irin motar ya nuna mini ta soso mai laushi da aka yi wa Defender, wadda ake mannawa a jikin murfin maimakon bangon. Ita na saka.

Rabin aikin shara ne. Na zare 'yan ƙusoshin da murfin ke juyawa a kansu, na kankare tsohon gam, na bi ramin da buroshin ƙarfe har tsatsar ta fita, na shafa maganin tsatsa da fenti, na bar shi kwana biyu ya bushe. Wanda ya manna sabuwar roba a kan tsatsa ya rufe ciwo ne da ruɓa a ciki.

Ƙofa ta fi cin lokaci. A Series robar guntu-guntu ce, kowanne da siririn ƙarfe a cikinsa, an kafe shi da ribet, sai ka huda tsofaffin ɗaya bayan ɗaya ka buga sababbi. Ta Defender zobe guda ce da ake dannawa a leɓen ƙofa. Da na gama, ƙofar ta ƙi rufuwa sai an buga ta. Kada ka yanke robar in haka ta faru da kai. Na sassauta ƙarfen da makulli ke kamawa, na ɗan matso da shi waje, bayan 'yan makonni da robar ta kwanta na mayar da shi. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: ka rufe ƙofa a kan takarda ka ja, in ta zare salin-alin to akwai kafa a wurin. Daga nan na zauna a ciki, maƙwabcina ya bi motar da tiyon ruwa.

Za ka ce me ya hana ni kai ta gareji. A nan awa ake ƙirga wa bakanike, kuma sai ka nemi rana tun da wuri, don haka aikin kankara da jiran fenti zai ninka kuɗin robar sau da yawa. A lokacin na tuna makanikan gida da girmamawa. Mutum zai dubi ƙofa, ya yanko roba daga wata motar daban, ya daidaita ta da wuƙa a zama ɗaya. Hannu irin wannan yana da wuyar samu a nan, kamar yadda robar da ta dace take da wuyar samu a wurinku.

Game da taka motar, ka turo mini lambar shasi da hoton gefen ƙofar a buɗe, in ga ko mai ribet ce ko mai leɓe, don wasu sukan sauya. Ka kuma buɗe tagogin iskar ka duba ramin da kyau. In ƙarfen ya huje, a fara kai ta wurin mai walda kafin saƙon ya iso. Ka gaida mini Umma da yara.