Murhun gawayi: na maƙeri ko na masu walda?

'Yar uwa sannu da hidima, Allah ya sa a yi biki lafiya. Kan murhun da kike son sa wa yarinya a kayan kicin, na maƙeri ko na masu walda, ni dai na maƙeri zan ce ki saya. Duka biyun na riƙe, ɗaya yana nan ina girki da shi har yau, ɗayan kuwa 'yan gwangwan ma sai da suka yi min yanga kafin su ɗauka.

Nawa na maƙeri Baba ne, Allah ya jiƙansa, ya sa aka ƙera min lokacin aurena a wajen wani dattijo a cikin garin Zariya, can ciki in an shige Ƙofar Doka. Shekara 16 kenan. A lokacin har haushi na ji, ƙawayena ana kai su da risho mai kyalli ni an haɗo ni da wani baƙin abu mai nauyi kamar dutsen niƙa. Yanzu duk rishon nan babu ko ɗaya, nawa kuwa ya yi tashi gida uku da mu, daga Tudun Wada zuwa Samaru muka sake dawowa, ya dafa abincin suna huɗu, tukunyar tuwon da sai mutum biyu ke saukewa an ɗora masa bai ko lanƙwasa ba. Ƙafafunsa uku ne, kowacce an naɗe ƙarshenta kamar ƙahon rago, hannayen kuma an murɗa su kamar igiya. Da na ɗauka ado ne kawai, ashe murɗin nan shi ke sa hannu baya zamewa in za a ɗaga.

Sau ɗaya ya taɓa neman gyara, ragar da gawayi ke zama a kai ce ta cinye bayan wajen shekara 9, dama ita ce ke fara mutuwa a kowane murhu don ita ke shan wuta. Na kai da kaina. Dattijon ya riga ya rasu, ɗansa na tarar a rumfar, yana juya murhun ya ce wannan aikin babansa ne, wai ya gane daga naɗin ƙafar. Na zauna a benci ina kallo, wani ɗan yaro yana ta zuga-zugi, ƙarfen yana cikin gawayin ƙirya ya yi ja har ya koma ruwan ɗorawa, ya ciro da awartaki ya ɗora kan uwar maƙera ya hau bugu da masaba, in ya fara dushewa ya mayar wuta. Guntun sifirin ɗin mota ya yi amfani da shi. Kafin la'asar an gama, ya zare tsohuwar ragar ya zura sabuwa, ko kuɗin kirki bai karɓa ba. To kin ga inda bambancin yake. Shi maƙeri huda ƙarfen yake yi da zafinsa ya haɗa da ƙusa ya dandaƙe kanta ta ɓangare biyu, kuma ƙarfe kin san in ya ɗau zafi yana buɗewa in ya huce ya tsuke, to irin wannan haɗin yana ba shi damar motsawa ba tare da ya tsage ba, abin da ya lalace kuma a cire shi kaɗai a canza.

Na walda kuwa a bakin titi na saya wajen Kwangila, don ina son ƙarami na dafa shayi. Baƙin fenti yana ta sheƙi, arha kamar kyauta. Wata biyar ya yi. Ɗiga waldar kawai aka yi a kan falle mara kauri, ƙafa ɗaya ta ɓalle da tukunyar miyar kuka a kai, Allah ne ya tsare autana da ke rarrafe a wurin. Ba wai na ce duk masu walda haka suke ba, akwai masu yi da rim ɗin mota kuma yana daɗewa, sai dai cin gawayi kamar me. In ƙofa ce ko taga a ba su, nan ne fagensu.

Sai dai in gaya miki gaskiya, na maƙeri yana da nasa. Kuɗinsa zai iya ninka na walda, ga nauyi, yarinya ba za ta riƙa ɗaukarsa da hannu ɗaya tana yawo da shi a tsakar gida ba. Sannan goben maƙeri sai haƙuri, in damina ta kusa ma kar ki sa rai, hankalinsu duk yana kan fartanya da garma.

Ba ki tambaya ba amma ki yi hattara da masu sayarwa, don yanzu sun gane mutane na neman aikin hannu. Wasu sai su ɗauki na walda su bubbuga masa guduma a sanyi ya yi tabo-tabo, su lafta fenti mai kauri ya rufe haɗin, su ce miki daga maƙera yake. Wani ma har siminti ko laka yake shafewa a gindin don ki ɗaga ki ji nauyi. Ki kifa shi ki duba ƙasan. In na maƙeri ne za ki ga kawunan ƙusa a dandaƙe, ƙafar kuma tana da kauri daga sama tana sirancewa zuwa ƙasa saboda bugu, ba kaurinta ɗaya ba kamar rodin gini da aka yanko. Ki kankare fentin da mukulli kaɗan, in ya hana ki to kin samu amsa. Ki matsa bakin kaskon da yatsa, in ya motsa ki ajiye, ki nemi wanda kaurinsa ya kai milimita 3 ko kusa da haka. Abin da na fi tsoro shi ne farin ƙarfen nan irin na kwanon rufi da bututun ruwa, an shafe shi da zinki ne, in ya sha wuta yana fitar da wani farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon kai, haka ma wanda aka yanko daga durom ɗin da ba a san me aka zuba a ciki ba. Kuma ko wajen maƙerin ne kar ki biya duka, ki ba da kafin alƙalami, sauran sai kin ga kaya.

In an kawo ki ja wa amarya kunne kan abu biyu. Kar ta riƙa kashe wuta da ruwa a cikin murhun, jiƙaƙƙen toka shi ke cin ƙarfe ya kawo tsatsa, ta kwashe garwashin waje ta kashe, ta zubar da tokar. Na biyu, sanyin Zariya kin san shi a Disamba da Janairu, kar ta kuskura ta shiga da shi ɗaki ta rufe ƙofa da taga wai jin ɗumi. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba a ganinta, mutum barci kawai zai ji, kuma ana rasa rai a haka.

Ki tura wani namiji cikin gari ya tambayi rumfar maƙera, maƙeran baƙi zai ce, don na fari su kayan ado suke yi, zobe da munduwa. A ce a yi mai ƙafa uku, mai ragar da ake cirewa, da 'yar ƙofar iska a ƙasa, a haɗa mata da awartakin ɗaukar garwashi da ɗan cokalin kwasar toka, yawanci in an yi ciniki tare ba sa ƙara wani abu mai yawa. In bikin saura wata biyu ne to a ba da aikin satin nan, kuma ki ce musu saura wata ɗaya.