Dutsen iska da ya ƙi zama a gindin tanki: sharhina bayan wata huɗu

Wata huɗu ke nan ina noman latas a ruwa, irin noman nan da ba a sa ƙasa, inda saiwoyi ke rataye cikin ruwan taki dare da rana. Tankina na roba ne, yana cin lita 60. Injin hura iska ɗaya ke ciyar da duwatsun iska uku, wato duwatsu masu ƙananan ƙofofi da ke sakin iska a matsayin kumfa cikin ruwa don saiwoyi su sami oksijin, ta siririn tiyo mai ramin milimita 4. Na gwada abu biyu don zaunar da duwatsun a ƙasa: maƙalan roba masu mannewa a bango, da dutsen iska mai nauyi mai siffar faifai.

Da maƙalan na fara. Ranar da na danna su sun kama gam, har na ja tiyo ba su motsa ba. Kwana goma bayan haka na ɗaga murfi na iske ɗaya ya saki, dutsensa yana lilo kusa da saman ruwa. Na goge wurin na sake dannawa, bai kwana uku ba ya kuma saki. Irin wannan maƙali an yi shi ne domin gilashin tankin kifi, mai sumul. Bangon tankin roba yana da ɗan kaushi da ido ba ya gani sosai, kuma ruwan taki yana saurin yin yauƙi a jikin komai. Da yauƙin ya kutsa ƙarƙashin robar, shi ke nan. Su kansu maƙalan sun sandare cikin wata biyu, bakinsu ya lanƙwashe.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓarnar da dutse ɗaya ke jawowa idan ya taso. Iska tana bin inda ya fi mata sauƙi. Dutsen da ke sama ruwa bai danne shi ba, don haka shi ke kwashe yawancin iskar injin, sauran biyun da ke ƙasa kuma sai su koma fitar da kumfa ɗai-ɗai. Kana jin ƙarar inji da ɓulɓul ɗin ruwa, ka ɗauka komai lafiya, alhali gindin tanki ya yi tsit. Ga shi kuma ruwa bai iya riƙe oksijin mai yawa: a zafin digiri 20 kusan miligiram 9 ne a lita, idan ya kai 30 sai ya sauko wajen 7.5. A makon da na yi tafiya haka ta faru. Na dawo na tarar saiwoyin shuka huɗu sun bar farinsu sun koma ruwan ƙasa, suna yauƙi, suna wari. Biyu sun farfaɗo, biyu na cire. Abin ya yi mini ciwo, domin daga iri na raine su.

Daga nan na sayi faifan, masu faɗin santimita 10. Na jiƙa su a ruwa kafin na kunna, na sake su, suka nutse suka zauna. Kumfarsu ƙanana ce, tana tasowa a baje. Sai dai suna da nasu. Faifai yana son inji mai ƙarfi, kuma nawa da ƙyar ya riƙe biyu, dole na haƙura da na uku. Sannan na lura cewa tun farko ba dutsen ne kaɗai mai laifi ba, tiyo ne ke jan sa. Tiyo cike yake da iska, kullum yana neman tasowa, kuma tiyon roba mai tauri ba ya manta naɗin da ya zo da shi. Sau biyu na ga ya karkatar da faifai a gefe. Na canza zuwa tiyon silikon mai laushi, na huda bangon tanki sama da iyakar ruwa na shigo da shi ta nan, sannan na zura masa noti biyu na ƙarfen da ba ya tsatsa, kusa da bakin dutsen. Tun daga ranar ba su gusa ba.

A nan ina roƙon mai karatu ya kula da irin ƙarfen. Ruwan taki yana da ɗan tsami, ma'aunin pH ɗinsa tsakanin 5.5 da 6.5 yake, kuma yana cin dalma da tagulla da ƙarfen da aka shafe da tutiya a hankali, ya kai wa saiwa. Kada a ɗaura dalmar masunta don tana da nauyi. A nemi mara tsatsa mai lamba 316, ko a yi amfani da ƙwallayen gilashi a ƙulle cikin raga. Wasu suna manne maƙali da gam ɗin silikon na tankin kifi. Yana riƙewa na ɗan lokaci, amma silikon ba ya kama irin wannan roba da kyau, kuma dole a kwashe ruwa a jira ya bushe.

Ban yarda da duk dabarar da za ta hana ni ciro dutse ba, domin gishirin taki yana toshe ƙofofinsa. Duk lokacin da na canza ruwa ina ɗaga faifan ta tiyo, in goge su da buroshi, in jiƙa su a haidirojin feroksaid mai kashi 3, ruwan nan na kashe ƙwayoyin cuta, in ɗauraye. Na kuma sa ɗan bawul mai hana ruwa komawa, saboda idan wuta ta ɗauke kuma inji yana ƙasa da tanki, ruwa kan bi tiyo ya shige shi.

Maƙalan ban zubar da su ba. Suna nan a wajen tanki, inda babu ruwa, suna riƙe tiyo kada ya karye a lanƙwasa.