Katafilar yasar kachalla: ta buɗe hanya, amma da sauran aiki

Ƙungiyarmu ta manoma da masunta a gefen mashigar Marma, tsakanin Haɗeja da Nguru, ta haɗa kuɗi bana muka ɗauko hayar katafilar nan mai tafiya a kan ruwa, don ta buɗe mana hanyar da kachalla, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ta toshe.

Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, Challawa ta biyo baya a 1992, ruwa ya daina janyewa da rani kamar da, kachalla kuwa abin da take so ke nan. Ta cinye gonakin shinkafa, ta hana kwale-kwale wucewa, ga tsuntsun jan baki da ke kwana a cikinta ya wayi gari a kan gero da dawa.

Wajen ƙarfi dai ba a magana. Injin yana tumɓuke ciyawar har saiwa, ya kwaso laka da ita, abin da lauje ba zai taɓa yi ba. Mu da muka saba cinna mata wuta da rani mun san wahalar banza ce, don saiwar tana nan a ƙasa, da ta ji ruwa sai ta tofo fiye da da. A inda katafilar ta bi, ruwa ya kama gudu, masunta sun koma jefa koma. Direban ma ya san aikinsa, bai taɓa mana bishiyoyin bakin gaɓa ba.

Inda ban ji daɗi ba shi ne tulin saiwa da laka da masu katafilar suka jibge a bakin ruwa suka tafi. Damina na sauka, rabinsa ya koma ciki. Sannan man da katafilar take sha ba na wasa ba ne, kuma duk a wuyanmu yake, abin da ba a fito mana da shi fili ba lokacin ciniki.

Duk ƙungiyar da za ta ɗauko ta, ta sa kwashe tulin da kuɗin mai cikin yarjejeniya tun farko. Ta kuma tanadi matasa da lauje da za su riƙa bin sabon tofo suna yankewa a ƙarƙashin ruwa, domin idan ruwa ya rufe kututturen, saiwar ba ta samun iska, sai ta ruɓe. Mu mun raba wannan aikin unguwa-unguwa, kowace Asabar.