Tafiyar haɗin gwiwa zuwa Yankari: abin da na biya da abin da na samu

Wasu matasa ne a nan Kano suke shirya tafiye-tafiyen hutu na haɗin gwiwa. Ba su da ofis mai allo a ƙofa. A rukunin WhatsApp suke sanar da tafiya, su faɗi rana da kuɗin kujera, wanda ya ga zai iya ya ba da sunansa. Da su na je gandun namun daji na Yankari da ke Jihar Bauchi tare da yarana da surukata a hutun zango na biyu, cikin Afrilu, bayan hayaniyar Ƙaramar Sallah ta lafa. Tun da muka dawo abokan aikina a makaranta suke tambayata ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, shi ya sa na ga gara in rubuta kowa ya karanta. Ta biya, kuma zan sake bin su, amma sai na gindaya musu sharuɗɗa.

Tsarin biyan kuɗin ne ya fara jan hankalina. Ba sa cewa ka kawo duka a dunƙule. Sukan buɗe rajista tun da sauran watanni, kana turawa kashi-kashi duk ƙarshen wata kamar zubin adashe, kafin ranar tafiya ka gama. Mai albashi ya san bambancin wannan da a ce ya zaro kuɗin mutum biyar rana ɗaya. Kuɗin ya haɗa da bas zuwa da dawowa, da kuɗin shiga, da ɗaki, da karin kumallo da abincin dare, da zagayen daji. Abincin rana kowa da aljihunsa.

A mota ne ake samun sauƙin gaske, kuma wanda bai san hanyar ba ba zai gane hakan ba. Daga Kano zuwa Bauchi ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi tafiyar kusan kilomita 300 ce. Daga Bauchi sai a kama hanyar Gombe zuwa Dindima, a karkata zuwa ƙauyen Mainamaji inda babbar ƙofa take. To, isa ƙofa ba isa masauki ba ne: daga nan zuwa sansanin Wikki akwai fiye da kilomita 40 a cikin daji, babu gari, babu shago, babu tasha. Motar haya za ta ajiye ka a Bauchi, sauran tafiyar sai ka yi shata, kuma direban sai ya kwana yana jiranka ko ya sake dawowa ɗaukarka. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin shata ya koma. Na zauna na yi lissafi kafin in biya, na ga abin da zan kashe a mota kaɗai in da mu kaɗai ne ya kusa kai rabin duk abin da suka karɓa a hannuna. Haka ma motar zagayen daji, idan kun cika ta kuɗin kowa kaɗan ne.

Sai inda suka ɓata mini rai. An ce kowa ya hallara bayan sallar Asuba, ƙarfe shida za a tashi. Mu muka zo da tsohuwa da yara tun duhu bai washe ba, muka zauna a bas har rana ta fito sosai ana jiran wasu da ba su iso ba. Na sami shugabansu na ce masa, "Ɗan'uwana, wanda ya cika alkawari shi ake hukuntawa ke nan?" Ya ce, "Wallahi ki yi haƙuri Hajiya, sun biya ne, ba dama mu bar su." Ladabinsa babu laifi, amma wannan lattin ya ci mu daga baya. Mun yi tsakiyar rana a kan hanya, na'urar sanyaya bas ɗin kuma iska kawai take hurawa, ga zafin Afrilu. Ziyarar kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da suka sa a jadawali a cikin garin Bauchi ta koma leƙe na ɗan lokaci, alhali na ci burin yarana su tsaya su ji tarihin Firayim Ministan Najeriya na farko da aka kashe a Janairun 1966. Abin da ya wanke mana zuciya a Bauchi shi ne masa. Sun riga sun yi oda tun muna hanya, muka tarar da ita da zafinta da miyar taushe, surukata har da neman a ƙulla mata a leda.

Ɗakin da aka ba mu mai sauƙin kuɗi ne, na kuma san haka tun farko, ban sa ran alatu ba. Gado da fanka da bayan gida, shi ke nan, kuma ya wadatar, domin ba zaman ɗaki ya kai mu ba. Na yaba musu da suka haɗa kowane iyali wuri ɗaya, suka ware samari can gefe. Sun kuma gargaɗe mu tun a bas a kan gwaggon biri: a rufe ƙofa da taga, kada a riƙe leda a hannu a tsakar sansani. Ba wasa suke ba. A gabana wani ƙato ya sauko daga rufin ɗaki, ya tako a natse har gaban wata yarinya, ya fizge ledar burodinta, ya koma gefe ya yage ta da haƙori yana kallonmu. Gadu kuwa yawo suke yi a tsakanin ɗakuna, su durƙusa a kan gwiwoyin gaba suna kiwo, ba ruwansu da kowa.

Ruwan Wikki shi ne abin da ko shi kaɗai aka je dominsa ba a yi asara ba. Ana gangarawa ta matakala daga sansani, sai ka gan shi yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin wani dutse, ya miƙe a tsakanin manyan itatuwa. Ɗuminsa digiri 31 ne, rani da damina, dare da rana, ba ya canjawa. Garai-garai yake, kana tsaye ruwa ya kai maka ƙirji kana hango yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Wajen bakin dutsen yana da zurfi, amma in aka yi ƙasa kaɗan yara ma suna iya tsayawa. Damuwata tun daga gida ita ce yadda mace za ta shiga ruwa a gaban maza, kuma na san ita ce damuwar yawancin matan da suke tambayata. A nan matasan nan suka burge ni ƙwarai. Sun tsara mana mu mata mu sauka da sassafe bayan Asuba, lokacin da wurin babu jama'a, mazan tafiyarmu kuma suka dakata a sama sai da muka fito. Da doguwar riga da wando da hula muka shiga. Surukata da ta rantse ƙafa kawai za ta tsoma, sai ga ta zaune a ruwa har wuya tana cewa, "'Yar nan, ki bar ni a nan, gwiwata ta daina ciwo." Ba wurin ne ya keɓe wa mata lokaci ba, dabarar masu tafiyarmu ce, don haka duk wadda za ta je da wasu ta tambaya tun kafin ta biya.

Zagayen daji da safe muka yi shi, a buɗaɗɗiyar mota, tare da jagora daga ma'aikatan gandun. Mutumin ya san aikinsa. Shi ya ba yara labarin cewa a 1956 aka keɓe dajin, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1991, sannan Jihar Bauchi ta karɓe shi a 2006, kuma faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Ya kuma bayyana mana dalilin da ya sa rani ne lokacin zuwa: ciyawa ta bushe, tafkunan cikin daji sun ƙafe, dole dabbobi su gangaro kogin Gaji shan ruwa. Da damina daji ya yi duhu, ruwa yana ko'ina, sai ka yini kana yawo ba ka ga komai ba sai ganye. Mun ga gwanki da ɓauna da mazo da zabin daji, da burtu yana tafiyarsa ta ƙasaita. Giwaye sai da muka kusa fid da rai. Jagoran ya tsayar da mota, ya nuna mana sawu da ɗanyen kashi da rassan da aka karya, ya ce kowa ya yi shiru. Can tsallaken ruwa sai ga su suna ratsawa ta cikin itatuwa, har da 'yar ƙarama tana bin uwarta. Ƙaramin ɗana ya riƙe mini hannu gam, ya ce, "Umma, ashe da gaske ne." Zaki kam ba mu gan shi ba, jagoran ma ya ce ganinsa sai an yi babbar sa'a. Na ji daɗi da masu shirya tafiyar ba su yi mana alkawarinsa ba tun farko.

Kogunan Marshall, waɗanda mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse, suna cikin jadawalin da aka tura mana, amma ba mu je ba. Lattin ranar farko ya tura komai gaba, lokaci ya ƙure, ga shi dole a kama hanya da rana don kada dare ya yi mana a daji. Ƙin yin tafiyar dare daidai ne, ban ja da wannan ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a cire abu daga cikin abin da mutum ya biya, ba a rage masa ko sisi ba, ba a ma kira shi an ba shi haƙuri ba sai da ya tambaya.

Wanda zai je ya ɗauki ruwan sha mai yawa tun daga Bauchi, da guzurin rana irin su dambun nama da soyayyiyar gyaɗa da gari, a cikin roba mai murfi, ba a leda ba. Wannan kaɗai ya rage mini kashe kuɗi sosai. A riƙe tsabar kuɗi, domin sabis ɗin waya a daji yana zuwa yana ɗaukewa, tura kuɗi ba abin dogaro ba ne. A kuma kauce wa ranakun Sallah da Kirsimeti da sabuwar shekara, lokacin jama'a sun yi yawa, ɗaki yana wuyar samu, ruwan ma cike yake. Tsakiyar mako ta fi.

Ga mai iyali da ba shi da motar da zai amince da ita a doguwar hanya, ko mata da suke son zuwa su kaɗai da yara, wannan tsarin ya dace da su. Mai son ya yi kwanaki yana kallon tsuntsaye a natse gara ya je da motarsa. Ni dai na riga na faɗa wa shugabansu cewa kafin in tura kason farko na tafiya ta gaba, sai ya rubuta a rukuni ƙarfe nawa bas zai tashi ko da wa ya makara, da kuma nawa za a mayar wa mutum idan aka tsallake wani wuri da ke cikin jadawali. Ya ce zai yi shawara da abokan aikinsa ya ba ni amsa.