"Unsuitable" ko "useless": wacce za a rubuta?

Ɗaliban Ingilishi a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai suna yawan tambayar wacce za su zaɓa tsakanin "unsuitable" da "useless". Ta fuskar sauƙi, "useless" ta fi saurin zama a baki, amma haɗarinta babba ne, domin tana yanke hukuncin cewa abu ba shi da amfani ko kaɗan, kuma idan aka jefi mutum da ita, daidai take da kiransa mutumin banza. Ita kuwa "unsuitable" cewa take yi abin bai dace da wannan buƙata ba kawai, kamar rigar sanyi a zafin Afrilu, wadda za a neme ta da hunturu.

A ganina, mai rubuta rahoto ko wasiƙar aiki "unsuitable" ta fi dacewa da shi, mai bayanin injin da ya lalace har ba ya gyaruwa kuwa "useless" ta ishe shi.