A nan Bordo, sunan gona ake saye

Yaya barka da war haka, a gaida su Inna da duk mutan Ƙofar Sauri. Ka ce in yi maka bayanin aikin da muke yi a Faransa, to tsinkar inabi ne a gonakin da ke kewaye da garin Bordo, cikin Satumba ake farawa kuma da awa ake biya ba jinga ba. Jar giya suke yi da inabin, ni dai nawa almakashi da kwando, ban taɓa kai ta baki ba, kar Inna ta tada hankalinta.

Abin da ya ɗaure mani kai shi ne yadda suka ɗauki ƙasa. Kogin Garon ya ratsa yankin, gefen da ake kira Medok tsakuwa ce zalla, wallahi in ka ga gonar sai ka ce ko ƙaya ba za ta fito ba, amma ita suke so, wai ruwa bai kwanciya a cikinta, da rana ta sha zafi da dare ta riƙa sako ma kurangar, saiwa kuma dole ta nutsa can ƙasa neman danshi, sai 'ya'yan su fito ƙanana masu kaurin ɓawo. Nan suke dasa irin Cabernet Sauvignon, masu sha sun ce giyarshi ta fi ƙarfi da bauri kuma tana jure ajiya shekara da shekaru. Can ɗaya ɓangaren, wajen Pomerol da Santemiliyon, laka ce da farar ƙasa mai riƙe ruwa, nan irin Merlot ya fi yi, yana saurin nuna, giyarshi ta fi laushi. Har gangaren gona da inda take fuskantar rana duk lissafi ne, shi ya sa gona biyu da hanya kawai ta raba su sai ka ji kuɗin kwalbarsu ba su haɗa komai ba.

Kuma abin a rubuce yake. Tun 1855 aka jera manyan gonakin Medok aji-aji, a 1935 aka kafa hukumar da ke tsare sunan kowane yanki, ita ke faɗin irin da za ka dasa da iyakar abin da za ka ɗiba a hekta, ko ban ruwa ba a barinka ka yi yadda ka ga dama. In ka liƙa sunan yankin da ba naka ba a kwalba kotu ce.

Mu ma fa mun san wannan ilimin, wane manomi ne bai san geron jigawar Daura daban yake da masarar laka ta Funtuwa ba? Sai dai da an kai Dandume an juye a buhu shi kenan, sunan gona ya ɓace, mai kyau da maras kyau farashi ɗaya. A nan kam gaskiya sun fi mu, amma kayan miya ko kusa, tattasai uku a leda kuɗin da zai cika maka kwano a kasuwar Katsina. In Alhaji zai taso a ba shi daddawa da kuka ya taho mani da su.